Firaminista biyar cikin wata 16: yadda talakawan Nijar suka kalli sauye-sauyen gwamnati daga 1994 zuwa 1996

Masu iya magana na cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sai dai tarihin Jamhuriya ta Uku ya nuna cewa ana iya canza makaɗi sau da yawa, kiɗan kuma yana nan yadda yake. Daga ƙarshen watan Satumba na 1994 zuwa ƙarshen Janairu na 1996, mutum biyar ne suka zauna bisa kujerar firaminista a Yamai: Mahamadu Isufu, Sule Abdullahi, Amadu Bubakar Sise, Hama Amadu da Bukari Aji. Littattafan tarihi sun fi kula da abin da ya gudana tsakanin fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki. A nan za mu duba ɗaya ɓangaren, wato yadda ma'aikaci da malami da ɗan kasuwa da manomi suka karɓi waɗannan sauye-sauye, a lokacin da aljihu ya bushe kuma darajar kuɗi ta karye.

Asalin lamarin

Tun cikin shekarun 1980 farashin ƙarfen uraniyom ya faɗi a kasuwar duniya. Kuɗin da ma'adinan Arlit suke shigowa da su, waɗanda aka gina manyan ma'aikatun Yamai da hanyar Tawa zuwa Arlit da su, suka ja baya sosai, bashin waje kuma ya yi wa ƙasa katutu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Wannan jinin ne, tare da yajin aikin uwar ƙungiyar ƙwadago USTN, ya tilasta wa Janar Ali Shaibu amincewa da jam'iyyu barkatai da kuma babban taron ƙasa, wanda aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andire Salifu. Taron ya damƙa gwamnatin riƙon ƙwarya ga Amadu Shaifu, aka kuma amince da sabon kundin tsarin mulki ranar 26 ga Disamba 1992.

Kundin ya kwaikwayi tsarin Faransa: shugaban ƙasa wanda jama'a suka zaɓa, da firaminista wanda shugaba yake naɗawa amma majalisa tana iya kayar da shi. A zaɓen ƴan majalisa na Fabrairu 1993 jam'iyyar MNSD-Nasara ta zo ta ɗaya da kujera 29 cikin 83, amma ƙawancen AFC, wanda ya haɗa CDS-Rahama da PNDS-Tarayya da ANDP-Zaman Lahiya da wasu ƙanana, ya tara kujera 50. Aka raba manyan muƙamai uku: Mahamman Usman ya kayar da Tanja Mamadu a zagaye na biyu ya zama shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu ya zama firaminista a watan Afrilu, Mumuni Adamu Jarmakwai ya riƙe majalisa. Kalma ɗaya ce take yawo a bakin jama'a daga Damagaram har Yamai: canji.

Ba a jima ba wata kalmar ta biyo bayanta, wato wasoso. Da ita mutane suka riƙa kwatanta yadda jam'iyyun ƙawance suke rabon muƙamai, tun daga ministoci da shugabannin kamfanonin gwamnati har zuwa ƙananan ofisoshi na karkara. Baitulmali kuwa fanko ne. Albashi ya riƙa makara wata da watanni, gwamnati ta zabtare wani abu daga cikinsa don rage kashe kuɗi, kuma ƙungiyoyin ƙwadagon da suka share wa sababbin shugabanni hanya suka juya musu baya.

Karyewar sefa

Ana cikin haka sai aka yi abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa. A watan Satumba 1993 gwamnatin Edouard Balladur ta sanar da cewa Faransa ba za ta ƙara cike giɓin kasafin ƙasashen da ba su daidaita da asusun FMI ba. Ranar 11 ga Janairu 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye a sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga ƙetare ya tashi: magani, shinkafa, siminti, kayan gyaran mota, littattafai da kayan karatun yara. Malamin da yake bin gwamnati bashin albashi ya wayi gari ko an biya shi ma kuɗin ba za su kai shi tsakiyar wata ba.

Karyewar ba ta taɓa kowa daidai wa daida ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai son gane ra'ayin jama'a a lokacin. Masu fitar da shanu da wake zuwa Najeriya, da masu albasar Galmi da ake kaiwa Abijan da Akara, sun sami kasuwa domin kayansu sun yi araha a idon mai saye daga waje. Daminar 1994 ma ta yi albarka, rumbuna suka cika a wurare da yawa. Saboda haka kukan ya fi ƙarfi a birni, wurin masu cin albashi da ɗalibai masu jiran kuɗin tallafi. USTN ta shiga dogon yajin aiki tana neman ƙarin albashi. Makarantu suka riƙa buɗewa suna rufewa. Ƴan adawa kuma suka fito zanga-zanga ranar 16 ga Afrilu 1994, aka kama Tanja Mamadu da magoya bayansa da dama. A arewa tawayen Abzinawa bai ƙare ba.

Murabus ɗin Isufu

Ranar 21 ga Satumba 1994 shugaba Mahamman Usman ya sa hannu kan wata doka da ta janye wasu hukumomi daga ƙarƙashin firaminista ta mayar da su fadar shugaban ƙasa. Mako guda bayan haka, ranar 28, Isufu ya ajiye aiki, PNDS ta fice daga AFC ta haɗa kai da MNSD, jam'iyyar da ta sha suka daga bakinta tun a babban taron ƙasa. Shugaba ya naɗa Sule Abdullahi, ɗan CDS kuma ministan kasuwanci.

A wannan karon ne jama'a suka fi rabuwa. A Damagaram, inda CDS take da ƙarfi kuma mahaifar shugaban ƙasa, an ɗauki fitar PNDS a matsayin cin amana. A Adar, da kuma cikin malamai da ƴan boko waɗanda su ne ginshiƙin PNDS, an ga mutum ne ya ƙi zama firaministan jeka-na-yi-ka. Magoya bayan MNSD kuwa murna suka yi, domin jam'iyyar da ta fi kowa kujeru ta hango hanyar komawa mulki. Jaridu masu zaman kansu da suka ɓullo tun 1990, irin su Haské da Le Républicain da Anfani, suka cika shafukansu da muhawara, sai dai da Faransanci ake rubuta su, kuma masu karanta su ƴan tsiraru ne. Yawancin mutane daga rediyo suka ji labari, ta Muryar Sahel da sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus, sannan aka tattauna shi a majalisun ƙofar gida da fadodin matasa masu shan shayi. Tambayar da ma'aikaci yake yi ba ta wuce ɗaya ba: sabon zai biya bashin albashi?

Sule Abdullahi bai sami sararin amsawa ba. Ranar 16 ga Oktoba majalisa ta kaɗa wa gwamnatinsa ƙuri'ar yanke ƙauna, kashegari shugaba ya sake naɗa shi ya kuma rusa majalisar. Ƙasar da ta kasa biyan malamanta ta shiga neman kuɗin sabon zaɓe, wanda aka ɗage har zuwa 12 ga Janairu 1995. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ne suka fita, kamar dai yadda aka gani a 1993. Sabon ƙawancen MNSD da PNDS da abokansu ya sami kujera 43, ɓangaren shugaba 40.

Firaministan mako biyu

Masu rinjaye suka miƙa suna ɗaya, Hama Amadu, babban sakataren MNSD. Shugaba ya nemi a ba shi sunaye ya zaɓa, aka ƙi. Sai ya naɗa Amadu Bubakar Sise ranar 7 ga Fabrairu, ɗan MNSD ne kuma ma'aikacin Bankin Duniya. Ga wasu ƴan kasuwa da manyan ma'aikata wannan naɗi yana da ma'ana, domin mutum ne da ya san ƙofofin masu ba da lamuni, ita kuwa ƙasa lamunin take nema ruwa a jallo. Ga ƙungiyoyin ƙwadago, sunan Bankin Duniya kaɗai ya isa ya tuna musu da rage ma'aikata da sayar da kamfanonin gwamnati. Jam'iyyarsa ta kore shi, majalisa ta kayar da shi ranar 20 ga Fabrairu, kashegari aka naɗa Hama Amadu. Isufu kuma ya zama shugaban majalisar dokoki.

Daga nan aka shiga zaman da Faransawa suka yi a 1986 da 1993, inda shugaban ƙasa da firaminista suke daga ɓangarori masu hamayya. A Faransa akwai tsofaffin al'adun mulki da suka raba wa kowa aikinsa. A Nijar kundin 1992 bai fayyace wanda yake tsara ajandar majalisar ministoci ba, bai kuma warware batun naɗin manyan muƙamai ba. Aka koma zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Shugaba ya riƙa ƙin kiran taron ministoci. Firaminista ya sauya shugabannin kamfanonin gwamnati a watan Yuli ba da yardar shugaba ba, a watan Agusta kuma ya jagoranci taron da kansa, shugaba ya ce abin da aka yanke ba shi da inganci. Kotun ƙoli da masu shiga tsakani suka yi ta kai da kawowa.

Duk da haka shekarar ba ta rasa abin alheri ba. Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa, ranar da ta zama ta bikin haɗin kan ƙasa. Amma a cikin wannan shekara ce annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane, yawanci yara, kuma tattaunawa da FMI ta riƙa jan ƙafa saboda masu ba da lamuni ba su san wanda za su kama da magana ba. Mai jinya a asibitin da babu magani, da uban da ɗansa ya shafe watanni a gida, ba su da lokacin bin diddigin wace aya ta kundi ta ba wa wane iko. Sannu a hankali gardamar goyon baya ta koma gajiya, kalmar demokaraɗiyya ta fara zama abin ba'a a bakin waɗanda suka yi mata tattaki shekara biyar da suka wuce.

Ranar 27 ga Janairu

Ranar 27 ga Janairu 1996 hafsan hafsoshin soja, Kanal Ibrahim Ba'are Mainasara, ya kifar da hukumomin uku gaba ɗaya, ya tsare shugaba da firaminista da shugaban majalisa. Kwana kaɗan bayan haka ya naɗa Bukari Aji, wanda ya fito daga babban bankin BCEAO, a matsayin firaminista. Ƙasashen waje sun yi tir sun dakatar da tallafi, amma a cikin gida ba a ga taron jama'a sun fito kare kundin da suka amince da shi ba. A Yamai har an yi gangamin goyon bayan sojoji. Mutane da yawa sun numfasa ne kawai, suna fatan ko yanzu za a biya albashi a buɗe makarantu.

Fatan bai cika ba. An daidaita da FMI a tsakiyar 1996, amma zaɓen shugaban ƙasa na watan Yuli, wanda aka rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar yinsa, ya buɗe sabon rikici. Bashin albashi ya ci gaba da taruwa, yajin aiki bai tsaya ba, firaministoci suka ci gaba da sauyawa, har Sise ya dawo kujerar a ƙarshen 1996. Mulkin ya ƙare da kisan Ba'are a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999.

Abin da ya rage

Masu rubuta kundin 1999 sun ɗauki darasi: suka tanadi cewa shugaba zai zaɓi firaminista daga sunaye uku da masu rinjaye suka gabatar. Hama Amadu ya sake riƙe kujerar daga Janairu 2000 har zuwa 31 ga Mayu 2007, ranar da majalisa ta kayar da gwamnatinsa a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare. Aka naɗa Saini Umaru, aka ci gaba da harkoki ba tare da tankokin yaƙi sun fito ba. Bambancin bai tsaya ga gyaran kundi kaɗai ba, domin a waɗannan shekaru albashi yana fita a ƙarshen wata.

Ga malamin da zai koyar da wannan babi, jerin sunaye da ranaku ba su wadatar ba. Ya kamata ɗalibi ya gane cewa talaka yana auna gwamnati da kwanon awo da takardar magani da ƙofar aji, kuma ƴancin da bai taɓa waɗannan ba yakan rasa mai tsaya masa ran da aka zo ƙwace shi. Ya kamata ya kuma gane cewa waɗanda suka yi tafi a 1996 sun biya kuɗin tafinsu cikin shekara uku da suka biyo baya. Da yawa daga malamai da ma'aikata da matan gida da suka rayu cikin waɗannan watanni 16 suna nan da ransu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Aikin ƙungiyoyinmu na al'adu ne su zauna da su, su ɗauki abin da suka gani da harshen da suka faɗe shi, tun kafin ƙasa ta rufe idon masu ba da labarin.