Daga Harshen Kaset Zuwa "Enable Editing": Tarihin Takardar Da Ba A Taɓawa

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan masters da muke fama da rubutun kammalawa: kun lura da wannan layin ruwan ɗorawa da yake fitowa a saman Word idan ka buɗe fayil ɗin da aka turo maka? Yawancinmu dannawa kawai muke yi mu wuce. To, wannan layin yana da tarihin da ya haura shekara hamsin, kuma sanin tarihin zai iya ceton babinka na uku.

Tun kafin manhaja, da hannu ake hana rubutu. Duk wanda ya tashi da rediyo mai kaset ya san ɗan harshen robar da ke saman kaset. Idan ka ɓalle shi, maɓallin ɗauka ba zai dannu ba, wa'azin Malam ko waƙar biki ta tsira. Amma mun san dabarar ƙannenmu: su cusa takarda a ramin, su ɗora abin da suke so a kai.

Kwamfuta ma haka ta faro. Faifan fulofi na farko da kamfanin IBM ya fitar a 1971, mai faɗin inci 8, na karatu ne zalla: kamfani ya rubuta, injinka ya karanta, shi ke nan. Da mai inci 5.25 ya fito a 1976, sai aka yi masa ɗan tsagi a gefe. Ka liƙe tsagin da sitika, faifai ya ƙi karɓar rubutu. Mai inci 3.5 kuma aka sa masa ɗan makulli mai zamewa. Har yau yana nan a gefen babban katin SD. Abin mamaki, makullin bai haɗu da komai a cikin katin ba. Na'urar da ka sa katin ce take dubawa, ta ga dama ta mutunta shi.

Mataki na biyu ya zo ne lokacin da mutane da yawa suka fara raba kwamfuta ɗaya. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka daga 1969, kowane fayil yana da izini: wa zai karanta, wa zai rubuta. Editan rubutu na vi, wanda Bill Joy ya rubuta yana ɗalibin gaba da digiri a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley (ɗalibi kamar mu fa!), ana iya buɗe shi a yanayin karatu kawai. Sai dai mai fayil zai iya tilasta masa ya adana. Kariya ce daga suɓutar hannu, ba daga ganganci ba.

Mataki na uku ya juya lamarin gaba ɗaya. A 1995 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Concept ta nuna cewa takardar Word kanta za ta iya ɗaukar cuta. A watan Maris na 1999 Melissa ta bazu: ka buɗe takardar, ta aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshinka na Outlook. Da, takarda ake karewa daga mai karatu. Yanzu mai karatu ake karewa daga takarda. Shi ya sa Office 2010 ya zo da Protected View, wato layin nan na ruwan ɗorawa: fayil daga intanet ko imel yana buɗewa a killace, ka karanta amma ba ya taɓa injinka. Da ka danna "Enable Editing", ka buɗe masa ƙofa da kanka.

Sai zamanin rubutu tare. Google ya sayi Writely a 2006, ya zama Google Docs, a 2014 kuma aka ƙara yanayin ba da shawara, inda gyaran wani ba ya shiga sai mai takarda ya amince. A ajinmu nan Kudu, wakilin aji ya taɓa raba jadawalin semina da izinin gyara ga kowa. Kafin gari ya waye, ranakun mutum uku sun sauya, kuma kowa yana rantsuwa ba shi ba ne. Da izinin kallo ya bayar, da babu wannan rigima.

Abin da na fahimta daga tarihin nan shi ne: "karatu kawai" bai taɓa zama kwaɗo ba, ya fi kama da zanen kara. Yana nuna iyaka, yana tare akuya, amma ba ya hana ɓarawo. Wanda ya iya karanta babinka zai iya kwafe shi, ko da PDF ne, ko da hoton allo ne.

Don haka ga yadda nake yi. Supabaisa ina ba shi izinin shawara. Abokan aji, kallo kawai. Bayanan da na tattaro a fili kuwa, ba na raba su da kowa kafin difens. Fayil ɗin da ban san wanda ya turo ba, a bayan layin ruwan ɗorawa nake karanta shi. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya, amin.