Tukunyarmu a Oko-Oba: Daga Kuka Zuwa Ɗanyen Tumatir

Jama'a, Oko-Oba da Yarbanci gonar sarki ke nan, amma kakanninmu da fataucin goro ya kawo Agege, musamman bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, ba su zo da ɗanyen kayan miya ba. Tafiyar kwanaki ce, sai kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. A nan iyayenmu mata suka tarar da ewedu, suka ce ashe lalo ne. Yara kuwa suka saba da agwaluma da hunturu.

Abin ya sauya bayan an gama madatsar Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kadawa da Kura. Motoci suka riƙa sauke kwandunan tumatir da tattasai a Mile 12. Da rani kaya ya yi araha, uwargida ta yanka ta shanya. Da damina a koma wa kauɗa da alayyafo da zogale.

A 2016 tsutsa ta cinye tumatirin Kano da Kaduna, kwando ya gagari talaka. Gidajenmu masu kauɗa a ajiye ba su rasa miya ba. Sauran kuwa, sai na gwangwani.