Yadda ake gwada makirufon kwamfuta kafin hirar bidiyo

Tun bayan ɓullar annobar korona a shekara ta 2020, hira ta bidiyo a intanet ta zama hanyar da ake gudanar da harkokin da a da sai an yi tattaki.

Kamfanin Zoom ya ce yawan masu halartar taruka ta manhajarsa a kowace rana ya tashi daga kimanin miliyan 10 a watan Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilun 2020. A Najeriya ma, majalisar zartarwa ta tarayya ta fara zama ta wannan hanya a watan Mayun shekarar.

A yanzu malami ko ma'aikacin lafiya a Wanke, cikin ƙaramar hukumar Gusau ta jihar Zamfara, kan iya fuskantar tambayoyin neman aiki ko na neman gurbin ƙaro karatu daga Abuja ko London ba tare da ya bar gida ba.

Sai dai kuma irin wannan ganawa kan zo ne da ƙayyadadden lokaci. Masu tambaya za su iya haƙuri da hoton da ba ya fita sosai, amma wanda ba a jin muryarsa tamkar bai halarta ba ne.

A mafi yawan lokuta makirufon lafiyarsa lau, wani abu ne dabam ya tare muryar a hanya. Don haka bai kamata a yi gaggawar sayen sabo, ko ɗaukar kwamfuta zuwa wurin masu gyara a Gusau ba, musamman ga mutanen karkara da tafiyar ke ci musu kuɗi a kan hanyoyin da ke fama da matsalar tsaro.

Gwajin farko

Gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya bukatar intanet ko kaɗan.

A buɗe manhajar ɗaukar murya da ke zuwa tare da Windows, a yi magana ta daƙiƙa 10, sannan a saurara.

Idan murya ta fito tangaran, to makirufon da kwamfutar ba su da laifi, sai a nemi matsalar a manhajar hirar ko a sabis. Idan kuwa shiru aka ji, ko murya can ƙasa-ƙasa, babu amfanin sayen ƙarin data, domin matsalar tana cikin na'urar.

A sashen sauti na saitunan Windows akwai wani layi da ke motsi idan ana magana. A nan ne kuma ake zaɓen makirufon da za a yi amfani da shi, domin kwamfuta ɗaya kan iya ganin guda uku a lokaci guda: na jikinta, da na kyamara, da na iyafis. Sau da dama takan zaɓi wanda ba shi ne a kusa da baki ba.

Bakin waya da kafarsa

Akasarin masu amfani da kwamfuta kan ɗauki iyafis na wayar salula ne su soka, kuma a nan ake yawan samun tangarɗa.

A dubi ƙarfen da ke bakin wayar. Idan zobba biyu ne a jikinsa, na sauraro ne kawai. Mai ɗauke da makirufo zobba uku gare shi.

Sabbin kwamfutocin tafi-da-gidanka kafa ɗaya suke da ita, wadda ke karɓar mai zobba uku. Kwamfutocin tebur da tsofaffin na hannu, waɗanda suka yi yawa a kasuwannin kayan gwanjo, kafa biyu ce da su: mai ruwan hoda ta makirufo, koriya kuma ta sauraro.

Wanda ya soka iyafis na waya a koriyar kafa zai ji kowa, amma babu mai jinsa. Maganin abin shi ne wata gajeriyar waya mai rassa biyu da ake samu wurin masu sayar da kayan waya, ko kuma iyafis mai shiga kafar USB.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Makirufon jikin kwamfuta ɗan ƙaramin rami ne, galibi a gefen kyamara, kuma ƙura kan toshe shi har murya ta dushe. Ana share shi ne da busasshen buroshi mai laushi. Allura ko tsinke na iya huda shi ya lalace baki ɗaya.

Izini

Tun daga sabuntawar da aka yi wa Windows 10 a shekara ta 2018, akwai maɓalli a sashen tsare sirri da ke iya hana duk wata manhaja jin makirufo. Haka abin yake a Windows 11. Idan yana kashe, Zoom da Teams ba za su ji komai ba, komai kyawun makirufon.

Masu shiga taro ta Google Meet kuma suna da wani shingen na biyu. Manhajar shiga intanet irin su Chrome kan nemi izini a karon farko, kuma wanda ya danna ƙin amincewa cikin hanzari, haka za ta ci gaba da hana shi har sai ya koma ya sauya, ta alamar da ke gefen adireshin shafin.

Wasu kwamfutocin na da maɓallin kulle makirufo a jerin maɓallan sama, mai ɗan haske idan an kulle, wasu iyafis ɗin ma suna da nasu a jikin waya. Abu ne mai sauƙi, amma ya sha kunyata manyan mutane a gaban taro.

Zoom da Teams duk suna da wurin gwaji inda mutum zai yi magana a maimaita masa muryarsa. Manhajar Skype, wadda aka daɗe da sani da irin wannan gwaji, kamfanin Microsoft ya rufe ta a watan Mayun 2025.

Ƙugi da amsa-kuwwa

Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, janareto ne kan ba da wuta, kuma yana kawo matsala iri biyu: ƙararsa da makirufo ke ɗauka ta iska, da kuma wani ƙugi da ke biyo wayar caja.

Ana bambance su ne ta hanyar zare cajar a bar kwamfuta a kan batir. Idan ƙugin ya ɗauke, daga caja ko wutar yake. Shi ya sa ya fi kyau a cika batir tun kafin lokacin ganawa, a kuma kawar da fanka daga saitin makirufo.

Ita kuwa amsa-kuwwa tana da wani abin mamaki: wanda ke jin muryarsa na dawo masa ba shi ne mai matsalar ba. Lasifikar wani ne a ɗaya ɓangaren ke fitar da muryar, makirufonsa kuma ya sake ɗauka. Sanya iyafis na kawar da ita, haka nan kulle ɗaya daga cikin na'urori biyu da suka shiga taro ɗaya a ɗaki ɗaya.

Idan laifin sabis ne

Muryar da ke yankewa, ko take fita kamar ta mutum-mutumi, alhali gwajin farko ya yi kyau, alama ce ta raunin intanet.

Bisa ƙa'idojin da Zoom ya wallafa, murya kaɗai na bukatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, yayin da hoton bidiyo tsakanin mutum biyu ke bukatar kimanin 600. Kashe kyamara kenan na iya ceto muryar, kuma babu laifi a nemi izinin yin hakan daga masu tambaya.

Mutane da dama daga wayar salula suke ba kwamfuta intanet. Ajiye wayar kusa da taga, da haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB, kan taimaka.

Akwai kuma lokacin da babu dabarar da za ta yi aiki. A farkon watan Satumban 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda farmakin da sojoji ke kai wa 'yan bindiga. An maido da sabis a birnin Gusau bayan kusan wata guda, sauran sassan jihar kuma suka jira ƙarin makonni.

Ga wanda ke zaune inda sabis ke da rauni, ya dace ya yi gwajin kwana ɗaya kafin ganawa, a ɗakin da zai zauna kuma a daidai sa'ar da aka tsayar, domin ƙarfin sabis kan sauya tsakanin safiya da dare. Ya kuma tanadi manhajar a wayarsa, tare da layin wani kamfanin dabam, ta yadda zai koma kai nan take idan kwamfutar ta ƙi.