Daga Goron Dutse Zuwa Tiga: Tudu Ne Ƙarfin Ruwa



Da zarar hunturu ya kama, karan dawa da ciyawa suka bushe, mu mutanen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa mun san fargabar gobara. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, ruwan da ke gida shi ne abin dogaro. To, tankin da muka ɗora a bayan ɗaki, nawa ne ƙarfinsa? Tarihin ruwan Kano yana da amsa.

A 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo na Calawa. Injina kan tura ruwa daga kogi zuwa ma'ajiya a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin birni da nauyinsa.

Bayan shekara 40, gwamnatin Audu Baƙo ta kawo wannan dabara ƙasarmu. Tsakanin 1971 da 1974 aka gina madatsar Tiga a Bebeji, aka tare Kogin Kano da ya ratso dajin Falgore. Har yau ruwanta na bin magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, gangara ce kawai ke kai shi.

Lissafin bai canja ba a gidajenmu. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ƙarfin kusan ba 1, ma'aunin matsin ruwa. Tankin da saman ruwansa ke kan mita 3 bai kai sulusin haka ba, ko lita 500 yake ci ko 5,000. Girmansa yana ƙara daɗewar zuba ne kawai. Kuma ruwa ba ya haura tsayin da ya fito, don haka tankin da bai kai rufi ba, ba zai jiƙa rufi ba.

Amfaninsa shi ne yana zuba ko babu lantarki, wanda dama shi ake fara kashewa idan wuta ta tashi. Saboda haka mu ɗaga tankin gwargwadon ƙarfin ƙafafunsa, mu sa bututu mai faɗi, da famfo da tiyo a tsakar gida. Wutar fetur da ta man girki kuwa, yashi ake zuba musu, ruwa yaɗa su yake yi.

Allah Ya tsare mu da gobara, amin.