Festing: Yadda Sunan Wani Ƙaramin Gida na Ingila Ya Zama Titi a Sabon Garin Kano

Duk wanda ya taɓa hawa Adaidaita Sahu daga Fagge zuwa cikin Sabon Gari ya san yadda ake cinikin hanya. Fasinja ya ce Festin za shi, direba ya faɗi kuɗi, a daidaita, a tafi. Cikin su biyun babu mai tsayawa ya tambayi wane ne Festin, domin a bakin Bakano kalmar ta daɗe da zama sunan wuri kamar Kwari ko Singa. A kan allon titin kuwa Festing aka rubuta, kuma sunan wani gida ne na Ingila wanda masu amsa shi ba su taɓa yin yawa ba ko a ƙasarsu. Baturen Landan yana iya ƙare rayuwarsa bai gamu da Festing ko ɗaya ba, alhali a Kano ana kiran sunan safe da yamma.

Kafin a gane yadda haka ta faru, ya kamata a san yadda Ingilishi suke gadon suna. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066 ne manyan gidaje suka fara riƙe suna guda daga uba zuwa ɗa, al'adar kuma ta yi ta gangarowa har ta game yawancin talakawa wajen shekarar 1400. Sunayen sun fito daga tushe huɗu: sana'a, kamar Smith maƙeri da Taylor tela, sunan uba, kamar Johnson, wato ɗan John, laƙabi na kama ko hali, sai kuma sunan gari ko gonar da mutum ya fito. A 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta bikin suna da aure da jana'iza. A 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa da kanta, ƙidayar 1841 kuma ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowane mutum gida gida. Da waɗannan takardu, musamman ƙidayar 1881, masu bincike suke zana taswirar suna, su nuna gundumar da ya fi yawa da inda ya bazu. Suna irin Smith ya cika taswirar ko'ina, tunda kowane ƙauye yana da maƙerinsa. Sunan da ba shi da yawa kuwa galibi yakan koma ga gida ɗaya, shi ya sa bin sawunsa ya fi sauƙi.

Festing yana cikin irin na biyun. Wanda ya fara fito da sunan a tarihi shi ne Michael Christian Festing, wanda aka haifa a Landan a 1705 ya rasu a 1752, masu binciken rayuwarsa kuma suna danganta asalin gidansu da ƙasar Jamus. Makaɗin goge ne irin na Turawa, ɗalibin fitaccen makaɗin Italiya Geminiani. Abin da aka fi tuna shi da shi taimako ne: a 1738 yana cikin waɗanda suka kafa asusun tallafa wa makaɗan da tsufa ko talauci ya kayar, da marayunsu, asusun da Handel ya sa hannu a cikinsa, wanda kuma yake raye har yau. Daga ƙarni na sha tara masu sunan suka fi karkata ga aikin soja da na coci. John Wogan Festing ya zama bishop na St Albans, ya rasu a 1902. Aikin soja kuwa shi ya fitar da sunan daga tsibirin, kuma abin lura shi ne sau uku yana sauka a Afirka ta Yamma cikin shekara talatin da 'yan kai.

Na farko shi ne Francis Worgan Festing, hafsan sojan ruwa wanda ya sauka a gaɓar Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, a watan Yuni na 1873 lokacin da rundunar Asante ta matso bakin teku. Yana cikin jagororin faɗan Elmina a wannan wata, kafin Janar Wolseley ya iso ya shiga Kumasi a Fabrairun 1874. Wannan yaƙi ya taɓa Kano ta hanyar da ba a cika ambata ba. Karyewar Asante ta sa Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, ta fice daga hannunta, Asante kuma ta toshe mata goro. Fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, dole suka nemi sababbin kasuwanni. Ke nan sunan Festing ya gifta ta harkar Kanawa shekara talatin kafin wani mai sunan ya taka Kano.

Na biyu shi ne Manjo A. M. Festing, wanda gwamnatin Saliyo ta aika daga Firitawun zuwa wurin Samori Ture a 1888. Ya same shi a lokacin da ya yi wa birnin Sikasso ƙawanya, ya yi ƙoƙarin jawo shi ɓangaren Ingila domin Faransa ta matsa masa. Bai kai ga komawa bakin teku ba, ciwo ya kashe shi a hanya a wannan shekara.

Na uku shi ne namu, Arthur Hoskyns Festing. Ya zo yankin Kwara a rundunar Kamfanin Royal Niger, yana cikin yaƙin da Goldie ya kai wa Bida da Ilori a farkon 1897. A yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902, a ƙasar Ibo, shi ya jagoranci ɗaya daga cikin rundunoni huɗun da suka nufi Arochukwu. Daga nan ya koma aikin mulki a Arewa. Turawa sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ƙarƙashin Kanar Morland, Sarki Alu yana Sakkwato, Lugga kuma ya naɗa Abbas. Razdan na farko shi ne Dokta Cargill, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Mai Gunduma saboda shi ya yayyanka ƙasar Kano gunduma gunduma, aka tura hakimai su bar birni su zauna a ƙasashensu. Festing ya riƙe kujerar Razdan a matsayin muƙaddashi wajen 1907, a tsakiyar wannan sauyi, lokacin da ake ja-in-ja tsakanin fadar Sarki Abbas da Turawa kan haraji da ikon bayin sarki. Zamansa bai yi tsawo ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya koma soja, aka kashe shi a Faransa a watan Mayu na 1915.

Zamansa a kujerar Razdan ya ƙare tun kafin a san da unguwar da sunansa ya zauna a cikinta. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe shi ga fasinja da kaya, gyaɗa kuma ta fara tafiya Ikko. Jirgin ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, daga Saliyo da Gwalkwas, yawancinsu Kiristoci. Turawa ba su so su zauna a cikin ganuwa ƙarƙashin alƙalan Sarki, don haka a 1913 aka yanka musu fili a wajen birni aka kira shi Sabon Gari. Fagge, wadda ke maƙwabtaka da shi, tsohon zango ce tun kafin zuwan Turawa, inda ayarin Azbinawa da sauran baƙi suke sauke raƙuma a wajen ganuwa. Sabon Gari kuwa da igiyar awo aka shata shi, layi layi a miƙe, kuma irin wannan tsari yana bukatar kowane layi ya sami suna a kan takarda. Wasu layukan aka ba su sunayen garuruwa da ƙabilun mazauna: Abeokuta, Warri, Enugu, Yoruba, Gold Coast, Freetown. Wasu aka ba su sunayen Turawa. Haka Festing ya sami titi, kamar yadda Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya wanda ya rasu a Kano a 1904, ya sami nasa.

Akwai hanya ta biyu da sunayen Ingilishi suka bi suka shigo Sabon Gari, kuma masu ɗauke da su baƙar fata ne. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta sun riƙa tare jiragen bayi a teku suna sauke mutanen a Firitawun. Da yawa daga cikin waɗanda aka 'yanta sun karɓi sunayen limaman mishan ko masu ɗaukar nauyinsu. Yaron nan Bayarabe Ajayi ta haka ya zama Samuel Crowther. A garuruwan gaɓar Gwalkwas kuma, daɗewar cuɗanya da Turawa ta bar gidaje masu sunayen Turai. Jikokin waɗannan gidaje su ne akawunan farko na Sabon Gari. Mutane da yawa suna zaton titin France sunan ƙasar Faransa ya ci, alhali sunan G. E. France ne, tsohon akawu ɗan Gwalkwas wanda ya shugabanci kotun Sabon Gari a shekarun 1930. Wanda ya gaje shi, T. P. Barlatt-Hughes, mai ɗaukar hoto ne ɗan Saliyo, shi ne kuma Ballat Hughes da ke kan allon titi a yau. Mai duba taswirar unguwar zai ga sunayen Turanci a jere ya ɗauka duk na 'yan mulkin mallaka ne. Cikinsu akwai na wanda ya zo da bindiga, akwai kuma na baƙon da ya zo neman abinci ya zama shugaban unguwa.

Gidan Festing bai ƙare da mutuwar Manjo ba. Francis Festing, wanda aka haifa a 1902, ya jagoranci runduna ta 36 a yaƙin Bama, ƙasar da dubban 'yan Arewa suka yi yaƙi a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, wadda kuma ita ma take da titi a Sabon Gari. Ya kai muƙamin Fil Mashal, ya shugabanci sojan ƙasa na Birtaniya daga 1958 zuwa 1961, wato yana kan kujerar lokacin da Nijeriya ta sami 'yanci. Ɗansa Matthew Festing ya shugabanci tsohuwar ƙungiyar Katolika ta jaruman Malta daga 2008 zuwa 2017, ya rasu a 2021. Duk da waɗannan manyan muƙamai sunan bai yaɗu cikin jama'ar Ingila ba, domin shahara ba ta ƙara yawan masu suna. Abin da ke ƙara shi haihuwar 'ya'ya maza ne zuriya bayan zuriya.

A nan ne al'adarmu ta bambanta da tasu. Bahaushe a gargajiyance ba ya gadon sunan gida. Sunansa na yanka ne, a haɗa da na mahaifinsa, jikansa kuma ya tashi da wani haɗin dabam. Asali yana zaune a cikin zane na fuska, da sunan unguwa, da sana'ar gado, da bakin tsofaffi. Da makarantar boko ta zo da rajista mai neman suna na biyu, sai ɗalibai suka riƙa ba da sunan garinsu ko unguwarsu. Ta haka muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur, ta haka kuma Fagge da Yakasai da Ɗambatta suka zama sunayen da mutane ke sa hannu da su. A Ingila wuri ya zama sunan mutum shekaru ɗaruruwa da suka wuce, a Kano kuma abin ya faru a cikin ƙarni ɗaya kacal. A daidai wannan lokacin ne sunan mutumin Ingila ya juye ya zama wuri a Kano. Wanda zai zana taswirar sunan Fagge ba zai sami zuriya ɗaya ba, unguwa zai samu da 'ya'yanta da suka watsu. Wanda kuma ya zana taswirar Festing da ƙidayar kawuna kaɗai zai tsallake garin da aka fi furta sunan.

Lokaci lokaci ana ta da maganar sauya sunayen titunan zamanin Turawa, kuma masu wannan ra'ayi suna da hujja: mutumin da ya yaƙi Bida da Ilori ba shi da wani hakki a kan allon titin Kano. Sai dai gwaji ya nuna baki ba ya bin umarnin allo. An sa wa titin France suna Abuja, an sa wa babbar kasuwa sunan Abubakar Rimi, amma direba har gobe France ya sani, ɗan kasuwa kuma Kasuwar Sabon Gari yake cewa. Hatsarin da ya fi girma shi ne a share sunayen a dunƙule ba tare da an tantance su ba, a haɗa France da Barlatt-Hughes da Festing a kwando ɗaya, a shafe shaidar cewa 'yan Afirka ta Yamma ne suka gina unguwar suka kuma shugabance ta.

Takardun da za su warware wannan suna nan a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, akwai kuma dattawa a Fagge da Sabon Gari da suka ji labarin daga iyayensu. Aikin da ke gaban ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da ƙaramar hukumar Fagge ƙarami ne: a bi titunan ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wane ne mai sunan, daga ina ya zo, me ya yi a Kano. Bayan nan, wanda za a sauke a sauke shi da sani, wanda za a bari kuma a ƙara layi biyu a ƙarƙashin allonsa, da Hausa da Turanci, domin yaron da ya tashi a titin ya san sunan wa yake rubutawa a adireshinsa.