Asalin Kalma: Shayi

A unguwar New Bell ta Douala, tun kafin masu kayan gwari su nufi kasuwar Sandaga, mai shayi ya kafa tebur, yana ɗaga kofi sama yana sheƙawa don madara ta haɗu. Daga Larabci muka samo kalmar "shayi", Larabawa daga Farisa, tushenta kuwa "cha" na Sinanci. "Thé" da mutanen Douala ke faɗa ɗan'uwanta ne, sai dai ta teku ya biyo, a bakin fataken Holan. Ganyen ma ana nomansa a Kamaru, a Tole da Ndu. Abin da ke burge ni, mu mun faɗaɗa tamu kalmar: ruwan citta da kanumfari, ko babu ganye, shayi muke ce masa.