Ƙara Wa Mota Ƙarfi: Tarihin Dabarun Makanikan Ƙasar Haɗejiya

Injin mota ba ya ƙona fetur sai da iska, kuma gwargwadon iskar da ya shaƙa, gwargwadon ƙarfinsa. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro sufacaja, na'urar da bel ke juyawa tana ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙera. Asalinta ma daga wajen narkar da ƙarfe ne. A 1860 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar injin hura iska don murhun narka tama. A 1921 aka nuna motocin Marsandi da aka ɗaura wa irinta a bajekolin Berlin, da sunan Kompressor.

Motar da ta mamaye hanyoyin Kafin Hausa, Auyo, Jahun da Haɗejiya ba da wannan tsari aka ƙera ta ba. Fijo ce. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, kuma Fijo 504, wadda aka fara fitarwa a Faransa a 1968, ta ci gaba da fita daga Kaduna har 2006. Injinta mai fistin huɗu ne da kafireto, yana shaƙar iska da kansa.

Direban da ke kwaso buhunan shinkafa da tattasai daga fadama, ko busasshen kifi daga kasuwar Haɗejiya zuwa Kano, ba tsere ne ya dame shi ba. Lodi ne damuwarsa, sai yashi da rani, taɓo da damina. Saboda haka makanikan yankin suka karkata dabararsu ga jikin mota. A ƙara wa akori-kura sifirin a baya, mai walda ya ɗaga mata bodi, a sa lagireto mafi girma, a cire tamostat, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Idan inji ya gaji a yi masa ringi, a kai kan injin wajen masu goge shi. Da tattalin arziki ya tsuke bayan shirin gwamnati na SAP na 1986, sabuwar mota ta gagari talaka, sai injinan hannu da ake kira Baljiyam suka cika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Daga nan sauke tsohon inji a ɗora wani ya zama hanya mafi sauƙi ta samun ƙarfi.

Sufacaja kuwa ba ta samu gindin zama a garejin karkara ba, kuma da dalili. Iskar da aka matsa zafi take yi. Idan ta shiga injin da tun asali matsinsa ke da yawa, fetur kan kama wuta kafin lokacinsa, fistin ya narke ko ya tsage, gasket ya ƙone, inji ya buga. Kamfanonin da ke sa ta sukan rage matsin inji, su ƙarfafa fistin, su ƙara yawan man da ke shiga, su sanyaya iskar. Ƙananan Marsandi masu tambarin Kompressor da suka shigo ta Kwatano duk da wannan shiri aka ƙero su. Tsohuwar Fijo ba ta da ko ɗaya, ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Jigawa.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafi ya sake juyawa. Na'urar da za ta ƙara shan mai ba ta da kasuwa a tasha. Abin da direbobin haya ke nema wajen makaniki yanzu shi ne a rage wa mota shan fetur, wasu kuma suna kai nasu Kano a mayar da su masu amfani da gas.